Ƙwarya Biyu da Na Sa Suka Haɗa Baki

Ɗiyata ta fari ta gama jami'a shekara guda bayan 'yan ajinsu, kuma ni na jawo mata. A garinmu Tsaskiya mutane sun ɗauka yajin aikin malamai ne ya riƙe ta, tunda an saba jin haka a rediyo. Ban gyara musu zancen ba, ita ma ba ta gyara ba. Ko babanta bai san yadda aka yi ba.

Ni ban shiga boko ina yarinya ba. Sai da na haifi huɗu aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamaren garinmu, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Malamarmu 'yar Safana ce, a bayan babur ake kawo ta. Hanyar koyarwarta guda ce: ta karɓi littafinki ta rubuta layi a sama, ke kuma ki kwafa a ƙasa. In na ƙasa ya yi daidai da na sama, ta ba ki maki. In harafi ɗaya ya kauce, ta zana masa gicciye da jan biro, ta ɗaga littafin kowa ya gani. Ba muguwa ba ce, cikin raha take yi, amma ni mace ce mai 'ya'ya, kuma cikin masu kallon akwai matan ƙannen maigidana. Shekara biyu na yi a ajin. A ta biyun jan biro bai taɓa littafina ba ko sau ɗaya. Da wannan nake taƙama a raina, ban dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ita yarinyar karatun lantarki ta yi. Da yake 'yar fari ce ban taɓa kiran sunanta ba, ban yabe ta gaban mutane ba, ba mu kuma saba zama hira ba. In ina nemanta sai in ce "ke". Goggonta, ƙanwar babanta da ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, ita ce abokiyar hirarta. Kusan duk abin da na sani na karatunta ta bakin Goggo na ji shi.

A hutun ƙarshen damina na shekararta ta ƙarshe ta zo da wani gwangwanin alewa, ta hana kowa taɓa shi. A ciki akwai ɗan allo kore, bai wuce tafin hannu ba, an saƙa masa siraran wayoyi, ga batir, ga wani ƙwan fitila kamar ƙwayar dawa. Da hantsi ina tsintar wake a tsakar gida ta zo ta durƙusa kusa da ni.

"Inna, akwai jan wake?"

"Akwai saura a tukunya. Dafawa za ki yi?"

"Karatu zan yi da shi."

Goggo na bakin ƙofarta tana murza zare. Ta ce, "To, an zo wurin. Shekara biyar ana kai ki birni, ashe duba kika koyo. In kin iya, fara duba mini akuyata da ta ɓace."

"Goggo, akuyarki ta shiga tukunyar wani tun bara. Wannan ba sai da wake ba."

Ta ɗauko ƙananan ƙorai biyu. Ta zauna ta zaɓi waken ɗaya bayan ɗaya, masu girma ɗaya, don kada yatsa ya bambance su. Kowace ƙwarya ta zuba mata fari ashirin, ja ashirin. Sannan ta juyo gare ni, ba ga Goggo ba, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce akwai wata hanyar faɗin lamba da ba a rubuta ta, sai dai a bar ta ta riƙa bayyana da kanta. In mutum ya rufe ido ya ɗauki wake a ƙwarya, fari ya rubuta ɗaya, ja ya rubuta sifili, ya mayar ya girgiza ya sake ɗauka, ya yi ta yi, layin da zai samu kusan rabinsa ɗaya ne. Layin nan kansa yana cewa "rabi", ko ba a rubuta kalmar ba. Ƙwarya ta biyu ma ta ba da nata layin, shi ma rabi. A kan allonta kuma akwai wata 'yar ƙofa da layukan biyu ke bi ta ciki, kuma fitila ba ta kamawa sai in duka biyun sun kawo fari a lokaci guda.

"Inna, sau nawa kike jin za ta kama?"

Na yi tunani sosai, don ban so in yi kuskure gabanta. Na ce, "In wannan ta ba da fari rabin lokaci, a cikin rabin nan kuma waccan ta ba da fari rabin lokaci, ai rabin rabi ke nan."

"Kwata," in ji ta, ta kalle ni. "Akwai 'yan ajinmu da sai da aka yi musu bayani sau uku."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar wakena, amma kunnena ya ji, kuma ya adana.

Goggo ta ce, "Wato abin da ɗan firamare zai gaya miki yana tsaye, shi ne sai an ɗebi wake sau ɗari? Allah ya kyauta karatun zamani."

Yarinyar ta yi dariya, ta ce ƙofar ce abin kallo. Babban inji yana buƙatar ƙofofi masu yawa kafin ya ninka lamba da lamba, wannan kuwa ƙofa ɗaya ta yi aikin. Abin da ke da ƙofa ɗaya ba ya shan batir, ana iya sa shi cikin ɗan ƙaramin abu a kafa a gona ya riƙa auna damshin ƙasa har a yi girbi. Kuma ba ya tsoron ƙaramin kuskure. A lissafin da aka saba, lamba ɗaya in ta kauce sai ɗari ta zama ɗari tara. A nan kuwa wake ɗaya cikin dubu in ya ɓata, ba wanda zai lura.

"Amma da sharaɗi guda," ta ce. "Kada ƙorai biyun su san juna. Kamar shaidu biyu ne gaban alƙali. In sun haɗa baki tun daga gida, shaida ɗaya ke nan, ba biyu ba. In duk abin da ta farko ta fitar ita ma ta biyu shi take fitarwa, fitila za ta kama rabin lokaci, ba kwata ba. Ƙofar ba ta canza ba, wayoyin ba su canza ba, amma ta daina ninkawa, ta koma wani aikin."

Aikin da za ta gama makaranta da shi, wanda suke kira furojet, a kan wannan haɗa bakin yake. Layukan da inji ke ƙirƙira da kansa sukan yi kama da juna, tunda daga ciki ɗaya suka fito, ita kuma tana son ta auna yawan ɓarnar da hakan ke yi wa lissafi. Kafin ta auna sai ta samu layuka na gaskiya, waɗanda ta tabbata ba su san juna ba, ta gwada allonta da su, kamar yadda ake gwada sabon mudu da tsohon da aka yarda da shi. Malaminta ya ce ta nemo su ta hanyar da ba inji a ciki. Shi ne ta tuna da wake.

Kwana uku muka yi tare, ina ɗauka tana rubutawa, daga baya ta bar mini biron. Ta sa na maimaita dokar har na haddace: ki rufe ido, ki ɗauka a ta farko, ki rubuta a sama, ki mayar, ki girgiza, ki ɗauka a ta biyu, ki rubuta a ƙasa, duk abin da ya fito shi za ki rubuta. Ranar da za ta koma ta miƙa mini sabon littafi mai bango shuɗi, ta ce in cika shi in aiko mata kafin wata ya ƙare, don ita aikin wayoyi ya isa ya cinye mata lokaci. Tun da na haife ta ba ta taɓa roƙona wani abu da ya shafi karatunta ba sai ran nan.

Lokacin kaka ne, ana yankan gero. Ina samun sarari tsakanin azahar da la'asar, in shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ƙwarya ɗaya a dama ɗaya a hagu. Shafukan farko na yi su yadda aka ce. Amma in na gama shafi na ɗaga shi na duba, raina ba ya kwanciya. Ɗaya a sama, sifili a ƙasa. Sifili a sama, ɗaya a ƙasa. Idona da aka koya wa cewa na ƙasa shi ne kwafin na sama sai ya riƙa ganin jan biro a ko'ina. Ina tunanin manyan malamai a birni za su buɗe littafin nan, su tambaye ta wa ya rubuta, ta ce uwata.

Wata rana aka samu saɓani sau shida a jere. Na bakwai, sama fari, na ɗauko a ƙasa ja. Na riƙe shi a hannu na ɗan lokaci. Sai na ce wa kaina ai idona bai rufe sosai ba, wannan ba a ƙirga shi. Na mayar, na girgiza, na sake ɗauka, ya fito fari. Na rubuta ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, na ji sanyi a raina.

Daga ran nan abin ya zama al'ada. Ba kullum nake yi ba. Ina barin wasu saɓanin, don na tuna ta ce dole a same su. Amma in sun yi yawa a shafi, sai in ga kullum akwai dalilin sakewa: kaza ta ratsa, an yi sallama, girgizar ba ta yi ƙarfi ba. Dalilin bai taɓa zuwa ba a lokacin da sama da ƙasa suka dace. Ba zan ce ban sani ba. Na ji maganar shaidu biyu, na kuma gane ta. Abin da na riƙe shi ne ɗayar maganar tata, cewa wake ɗaya cikin dubu ba ya ɓata komai, na yi ta shiga ƙarƙashinta alhali na san nawa ya wuce wake ɗaya.

Littafin ya cika da kyau, ba gogewa, ba tabon miya. Na naɗe shi a leda na ba mai babur ya kai wa wani direba a Safana. Waya a garinmu ba ta kamawa sai an hau tudun bayan firamare, don haka duk Juma'a bayan an sauko masallaci ni da Goggo mukan je can mu jira kiranta. Juma'ar farko ta ce littafi ya iso, ta ce, "Inna, rubutunki ya fi nawa kyau." Na ce to, na miƙa wa Goggo wayar.

Juma'a ta uku muryarta ta canza. Ta shigar da layukan a kwamfuta, kwamfuta ta tura su cikin allo, fitila kuma tana kamawa fiye da yadda ya kamata. Inda ake jiran kwata, kusan sulusi take samu. Ta ƙirga layin sama shi kaɗai, rabi ne. Ta ƙirga na ƙasa shi kaɗai, rabi ne. Don haka ta ɗora wa allonta laifin. Ta kwance wayoyin ta sake liƙa su da dalma, har ta ƙone yatsa. Ta canza ƙofar, ta canza batir, ta ari allon wata ƙawarta. Duk amsa ɗaya.

Goggo ta ce, "Ki tofa masa addu'a, ƙila aljanun wake ne suka bi shi."

"Goggo, ba ni Inna."

Na karɓa. Akwai mata uku a tudun suna jiran nasu kiran, ga Goggo a kafaɗata.

"Inna, kin dai yi yadda na nuna miki, ko? Duk abin da ya fito shi kika rubuta?"

Na ce, "Na yi."

"To shi ke nan. Allon ne."

Na sha gaya wa kaina cewa matan nan uku ne suka hana ni. Amma akwai Juma'ar gaba, da ta gaba da ita, kuma akwai ranakun da tudun ba kowa. Na kan shirya maganar tun daga gida, in hau tudu da ita a bakina, in na ji sallamarta sai in tambaye ta ko tana cin abinci. Ina fatan malaminta ya gano wata waya da ta kwance, abin ya wuce ba tare da an zo kaina ba. Har addu'a na yi a kan haka, Allah ya yafe mini.

Da ta rasa yadda za ta yi, ta rubuta abin da ta samu yadda ta same shi, ta ce akwai wata 'yar karkata a allon da ba ta gano tushenta ba, ta liƙa hoton shafukana a bayan littafin aikinta. Ta tafi gaban malamai da shi.

Ta dawo gida da bazara, ta rame. Ta sami babanta a zaure ta ce ba a karɓi aikin ba, sai baɗi. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, bai tambayi dalili ba, don bai san abin da zai tambaya ba. Dalilin na ji shi kwana biyu bayan haka. Goggo na yi mata kitso a inuwar ɗaki, ni ina dama fura a bayansu.

Ta ce cikin malaman akwai baƙo da aka gayyato daga wata jami'ar, dattijo. Bai kalli allon ba. Ya buɗe bayan littafin, ya sa yatsa yana bin layukan biyu tare, sama da ƙasa, yana ƙirga inda suka dace. Ya yi shafi biyu daga tsakiya ya rufe. Ya ce wake ba ya yin haka. Ya ce layukan nan hannun mutum ne ya shirya su, kuma ya sha ganin ɗalibai suna zama a ɗaki su ƙirƙiro lambobi su ce sun yi gwaji.

"Mi kika ce mai?" in ji Goggo.

"Na ce mahaifiyata ce ta ɗebo su da hannunta, kuma ba ta ƙarya."

"Shi fa?"

"Ya ce ba mahaifiyata ce ke neman digiri ba."

Goggo ta ja tsaki, ta shiga zagin dattijon, daga rawaninsa da ba ta taɓa gani ba har takalminsa. Ni kuma na ci gaba da juya ludayi a cikin furar da ta riga ta damu tun ɗazu.

Washegari da safe ta ɗauki wanki ta zaga bayan gida inda muke shanya. Na bi ta da bokitin ruwa, kamar shi ya kawo ni. Na ajiye, na tsaya. Uwa ba ta tsayawa haka gaban 'yar fari, don haka ta ɗago.

Na ce, "Ke."

"Na'am, Inna."

"Waken nan. In sama da ƙasa suka saɓa, wani lokacin nakan mayar in sake ɗauka."

Hannunta na cikin kumfa, ba ta fitar da shi ba.

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba. Da yawa."

"Tun daga farko?"

"Shafi biyar na farko na gaskiya ne."

Ta ci gaba da cuɗa rigar da ke hannunta, a hankali. Na jira ta yi faɗa, ko ta yi kuka, da ɗaya daga ciki ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni dalili, na gaya mata zancen layin sama da na ƙasa, da jan biro. Da na faɗe shi a fili sai na ji ƙanƙantarsa, har kunyar dalilin ta fi kunyar laifin.

Ta ce, "Shi ne abu na farko da ya kamata in duba. Aikina ke nan, a kansa nake rubutu. Ya zo mini a rai, Inna, tun mako na biyu. Shi ya sa na tambaye ki. Da kika ce kin yi, sai na cire shi daga lissafi."



Ta matse rigar ta jefa a bokiti. Sannan ta yi magana da muryar da ta yi mini bayanin ƙorai da ita, kamar darasi take bayarwa, ina jin don kada ta yi wata maganar ce. Ta ce haɗa bakin kansa ba kullum ne laifi ba. Akwai lissafin da shi yake so. In ana neman wace lamba ce ƙarama cikin biyu, ko tazarar da ke tsakaninsu, da gangan ake sa layukan su bi juna, sannan ƙofa ɗaya ta ba da amsa. Mai haɗa allo aikinsa shi ne ya san inda zai raba layuka da inda zai haɗa su. Abin da ba zai iya ba shi ne ya yi aiki da layin da aka ce masa abu kaza ne alhali wani abu ne daban.

"Da kin gaya mini ran nan a waya, da babi guda kika ba ni. Shafi biyar masu gaskiya, sauran masu haɗa baki, hannu ɗaya, wake ɗaya. Ba wanda ke da irin wannan a ajinmu."

Na ce zan je. Na ce a sa ni a mota a kai ni gaban malaman in faɗa musu da bakina, in ya so su yi mini dariya.

"Ki je ki ce musu me, Inna? Na tsaya gabansu na ce ba kya ƙarya."

Ta ɗauki wata rigar. Na ga ba ta da sauran magana, na ɗauki bokitin da na kawo, ruwan na ciki, na koma da shi.

Ba ta gaya wa Goggo ba, ba ta gaya wa babanta ba. Sauran kwanakin hutun ta gaishe ni kowace safiya yadda ta saba, ta durƙusa har ƙasa, ta karɓe ni daka, ta ɗebo ruwa. Da ta koma ta sake aikin daga tushe da wata 'yar na'ura da malaminta ya samo mata mai fitar da layukan da ba su san juna ba, aka karɓa, ta fito da sakamako mai kyau. Amma shekarar ta riga ta tafi. Ƙawayenta biyu da suka yi irin aikinta an ɗauke su ƙarin karatu a kan wannan lissafin. Ita da nata lokacin ya zo, takardar shaida ake nema daga malaman da suka ga aikinta, kuma dattijon nan yana cikin masu zaɓe a inda take son zuwa. Ba ta nema ba. Yanzu tana aiki da masu kafa fitilun sola, tana yawo ƙauyuka har Batsari da Yasore, mutane na yaba ta. Goggo takan ce ai gara haka, ko banza ana ganin hasken da ido.  Ita yarinyar tana kawo mini atamfa, tana tambayar ciwon gwiwata, ba ta ƙara yi mini zancen karatu ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dattijon. Akwai mutum a wani gari, ban san fuskarsa ba, wanda in an ambaci ɗiyata abin da zai tuna shi ne yarinyar da ta ƙirƙiro lambobi ta jingina wa uwarta. Kuma bai yi kuskure a ƙirgarsa ba, mai laifin kawai ya ɓata.

Da Sallar da ta wuce ta zo. Muna gyaran kayan ciki mu biyu a madafa, na ga ba kowa kusa. Na ce mata na rubuta takarda, shafi guda, da Hausa, na faɗi abin da na yi da yadda na yi shi, na sa hannu. In ta samo mini inda dattijon yake, ko ta juya ta zuwa Turanci, ko a aika haka nan ya nemi mai karanta masa.

Ta ɗan dakata da wuƙar.

"Ya bar aiki, Inna. An ce ya koma garinsu, ban ma san wane gari ba ne."

"Ba a rasa wanda ya sani."

"Ko an kai masa ba zai tuna ni ba. Ɗalibai nawa suka wuce ta gabansa."

"Ke ai kin tuna."

 Ta yanka hantar gida huɗu, ta tura mini kwanon, ta ce in sa gishiri da kaina don ita kullum hannunta yawa yake yi.